Fijo 504 da ta shekara 11 a rumfa: wane magani za a zuba wa injin da ke hayaƙi?

Motar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Fijo 504 fara, haɗin kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Ya saye ta a 1984 da ribar fataucin shanu da yake yi a kasuwar Maigatari. A ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, ita ta riƙa kai masu naƙuda asibiti, ita ke ɗauko amare, ita ke raka maniyyata filin jirgin Kano. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi a 2013, sai ya sa aka tura ta rumfar kwano da ke bayan rumbuna, aka lulluɓe ta da tamfol. Bai sake hawanta ba. Ta shekara 11 a nan, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, yara na wasan ɓuya a bayanta.

Da aka yi rabon gado ta faɗo a kasona. 'Yan gwangwan sun zo har sau biyu suna taya ta a matsayin ƙarfe, Hajiya ta ce muddin tana raye ba za a sassare motar Alhaji a kan idonta ba. Ni ma zuciyata ba ta taɓa kwanta wa sayar da ita ba. Bayan kakar 2024, da na sayar da riɗi, na ƙudura zan tashe ta.

Kuskuren farko a gida aka yi shi, kuma da sanina. Ƙanena ya aro batir, ya ɗiga fetur a bakin kafireta, ya yi ta murza makulli. A karo na biyar ko na shida ta kama. Murna ba ta kai minti ɗaya ba hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, mata suka kwashe shanya, maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko gobara ce. Mun bar ta tana aiki kamar minti goma muna zaton zai washe. Bai washe ba. Daga baya na gane abin da muka yi: injin da ya shekara 11 a tsaye, duk man da ke jikin silinda da kan bawul ya tsiyaye ya koma ƙasa tun tuni, mun tashe shi ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe, da tsohon baƙin man da Alhaji ya zuba da hannunsa.

Shawara uku a rana ɗaya

Washegari na shiga Gumel, kuma kafin la'asar na tara shawara uku da ba sa ga maciji da juna. Mai shagon kayan mota ya ɗauko mini wata kwalba mai kauri kamar zuma, ya ce in juye ta cikin baƙin mai, kafin in isa gida hayaƙi ya ɗauke. Wani direban haya da ke zaune a bencin shagon ya ce kada in ɓata kuɗina, in zubar da tsohon mai, in cika injin da gas ko kananzir, in bar shi ya yi aiki ya wanke cikinsa. Na ukun, yaron gareji ne, ya ce injin ya gama yawo, ko dai a yi masa ringi, wato a canja zobban ƙarfen da ke zagaye fistin, ko in nemi na Beljiyam.

Na sayi kwalbar. Ita ce ta fi araha, kuma ita kaɗai ba ta buƙatar a kwance ko da noti ɗaya. Abin da ya hana ni zuba ta a daren nan shi ne Kawu, ƙanen mahaifinmu, wanda ya ce in fara nemo tsohon bakaniken da ke duba wa Alhaji motar tun tana sabuwa. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ba da wannan ta kwalba ba.

Dattijon bakaniken ya daina shiga ƙarƙashin mota, yaransa ke aikin gareji, amma da ya ji motar waye sai ya hau bayan babur ɗina. Yana shiga rumfar ya dafa bonet ya yi wa Alhaji addu'a, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗana, wane launi ne hayaƙin?"

Na ce, "Baba, hayaƙi dai, mai yawa."

"Hayaƙi iri uku ne. In ba ka san wanne ne naka ba, me za ka saya masa?"

Bayaninsa gajere ne, kuma duk wanda zai kashe kwabo a kan tsohon inji ya kamata ya riƙe shi. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, laifin kafireta ne ko matatar iska ta toshe ko cok ya maƙale. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda, galibi gasket ɗin tof ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da murfinsa na sama. Mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin ƙonannen mai, baƙin mai ne injin ke ci. Babu kwalbar da ake zubawa a baƙin mai da za ta taɓa na farko da na biyu. Duk maganar magani a kan na ukun take, shi ma sai an san ta inda man ke hawa.

Bai yarda a tashi motar ba sai da ya gama dubawa a tsaye. Ya zaro sandar awon mai ya shinshina, ya miƙo mini. Warin fetur ne ya buge ni, kuma man ya haura alamar cika, ya tsinke kamar ruwan shayi. Famfon fetur na 504 a jikin inji yake, inji ke kaɗa shi, kuma robar da ke cikinsa in ta bushe ta tsage sai fetur ya riƙa zuba kai tsaye cikin baƙin mai. Ga dalili na farko, wanda ba shi da alaƙa da ringi ko kaɗan: man da fetur ya tsinka shi ba abin da zai hana shi wucewa sama ya ƙone.

Na biyun ya fi ba ni mamaki. Ya zare tiyon numfashin injin, wanda ke fitar da tururin da ke taruwa a ɗakin baƙin mai, ya hura, iska ba ta wuce ba. Ya zura waya ya fito da busasshen laka. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Idan wannan hanya ta toshe, tururin ba shi da mafita, sai ya matsa man ya tura shi ta kowace kafa. A gidan matatar iska kuma ɓeraye sun yi sheƙa da ɓawon gyaɗa da tsumma. Duk motar da ta kwana shekaru a ƙauye, kusa da rumbu, a fara neman irin waɗannan kafin a zargi ƙarfe.

Ya duba lagireto, ruwan ya yi ja da tsatsa amma babu mai a samansa, murfin baƙin mai ma babu farin kumfa mai kama da kindirmo. Wannan ya ɗan kwantar masa da hankali game da gasket.

Sai aka zo kan awo. Yaronsa ya hure ƙurar da ke cikin dogayen ramukan fulogi tukuna, don fulogin wannan inji a can ƙasan rami suke, in ka kwance su da ƙurar hunturu 11 a kai duk cikin silinda za ta zuba. Fulogi huɗun sun yi baƙi, na biyu da na uku sun jiƙe da mai sharkaf. Aka ɗiga ɗan mai a kowane rami, aka juya injin da sifana sau da yawa, aka bar shi ya tsiyaye, sannan aka ɗaura agogon awon matsi. Silinda ta ɗaya ta ba da 140, ta biyu 95, ta uku 90, ta huɗu 135. Lafiyayyen inji bai kamata tazarar da ke tsakanin silindarsa mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Namu ta haura kashi 30.

Silinda biyu maƙwabtan juna su yi ƙasa tare, abin da aka fi zargi shi ne gasket ya ƙone a tsakaninsu, sai gabana ya faɗi. Dattijon bai ce komai ba. Ya zuba cokali guda na sabon mai a ta biyu da ta uku, aka sake awo nan take. Ta biyu ta hau 130, ta uku 125. Man ya toshe kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda na ɗan lokaci, matsi ya dawo. Da bawul ne ba ya rufewa, ko gasket ne ya fashe, cokalin mai ba zai motsa allurar haka ba. Ke nan ringi ne.

Amma "ringi ne" ma magana biyu ce, kuma a nan ne zaɓen magani ya rataya. Akwai ringin da ya cinye saboda tafiya, ƙarfensa ya ragu, ba abin da zai mayar da shi. Akwai kuma wanda bai cinye ba, maƙalewa ya yi a cikin raminsa na jikin fistin, saboda tsohon mai da gawayin ƙuna sun daskare sun riƙe shi kamar ƙaro, ya kasa buɗewa ya manne da bangon silinda. Dattijon ya tuna cewa shi ya yi wa injin ringi shekara biyu ko uku kafin a ajiye motar, kuma Alhaji bai yi wata doguwar tafiya da ita bayan nan ba. Hajiya ta tabbatar da cewa ranar da aka tura ta rumfa ba ta hayaƙi. Motar da ta shiga rumfa lafiya ba za ta cinye ringi tana tsaye ba.

Auna magungunan

Kwalbar da na saya aikinta ɗaya ne, ta ƙara wa mai kauri, musamman in ya yi zafi. Mai kauri ba ya saurin ratsa ringi, don haka hayaƙi kan ragu da gaske, ba ƙarya mai shagon ya yi mini ba. Sai dai ba ta narkar da komai. Da na zuba ta, ringin zai ci gaba da zama a maƙale, hayaƙin da ke gaya mini akwai matsala zai yi shiru, ni kuma in yi ta tafiya da silinda biyu masu rauni har bangonsu ya yi santsi ko ya karce. Ga kuma sanyin asubahin hunturu a yankinmu: mai da ya yi kaurin zuma yakan jinkirta kafin ya hau kan bawul, a injin da hanyoyin mansa sun riga sun ƙuntata da datti. Gaskiya wannan ne ya fi tsorata ni.

Wankin ciki da gas ko kananzir, wanda direban ya ba da shawara, ya fi kusa da ainihin ciwon tunda narkarwa yake yi, amma haɗarinsa ya fi amfaninsa a injin irin namu. Kananzir ba ya riƙe ƙarfe kamar mai, inji na aiki da shi metal ke ci, wato shimfiɗar ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kanta. Sannan dattin shekara da shekaru da ya kwanta a kwanon mai na ƙasa zai ɓalle gaba ɗaya, ya taru a kan ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, ya toshe ta. Inji ya rasa mai na minti biyu ya isa ya yi nokin. Akwai na kwalba da kamfanoni ke yi don wannan aiki, ana zuba shi a bar inji ya yi aiki a tsaye minti 10 zuwa 15 sannan a zubar, ya fi kananzir sauƙi nesa ba kusa ba. Ko shi dattijon ya ce ba zai sa a injin da ba a buɗe kwanonsa an ga abin da ke ciki ba. Kuma maganin da ke yawo a cikin baƙin mai kaɗan ne daga cikinsa ke kaiwa ga ringin sama.

Akwai wani nau'in da ke tausasa roba ya ɗan kumbura ta, ana sayar da shi don yoyon mai. Yana taimakon robar da ta fara taurare. Wadda ta shekara 11 cikin zafin bazarar Jigawa a ƙarƙashin kwano ta riga ta zama kamar busasshen ƙashi, ba ta da sauran abin kumbura.

Abin da dattijon ya zaɓa ba ya cikin shawarwarin Gumel, kuma ya fi su duka araha: a jiƙa fistin ta sama, ta ramin fulogi, maganin ya sauka kai tsaye kan ringin da ya maƙale, inji a kashe. Ya haɗa jan man ATF, wanda ake zuba wa giyar otomatik, da kananzir rabi da rabi, ya zuba kamar cikin ƙaramin kofin shayi a kowace silinda, har da masu lafiyar. Ya ja hankalina ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba, wato injin 504 ba a miƙe yake ba, a karkace yake kwance gefe guda. Ruwan da ka zuba gefen ƙasa na fistin yake taruwa, ɓangaren sama ya zauna a bushe. Saboda haka kullum safe da yamma sai na ɗora sifana a kan notin fulin gaba, in juya injin kaɗan gaba, kaɗan baya, in ƙara maganin a inda ya tsiyaye. A kwana na farko silinda ta ɗaya da ta huɗu suka shanye nasu, ta biyu da ta uku na nan cike. A kwana na uku ta biyu ta fara sha. Ta uku sai da ta kai kwana biyar.

Kafin a mayar da fulogi, an shimfiɗa tsumma a kan ramukan aka buga sitata ba fulogi, ragowar maganin ya feso waje baƙi ƙirin. Wannan mataki ba abin tsallakewa ba ne. Ruwa ba ya matsuwa, in ka rufe silinda da shi a ciki ka buga sitata, sandar fistin na iya lanƙwashewa.

Sauran aikin na haƙuri ne kawai. An kwance kwanon mai aka kwashe laka mai kaurin yatsa da hannu, aka wanke ragar famfo. An canja famfon fetur da filtar mai da matatar iska da fulogi, an sauke tanki an wanke ƙaron tsohon fetur, an wanke kafireta, an sake ruwan lagireto. Aka zuba wajen lita 4 na baƙin mai 20W-50, na galan mai hatimi, ba na awo a gefen titi ba. Dattijon ya hana a sa siririn man motocin zamani, ya ce ba don shi aka ƙera wannan inji ba. Birki ma sai da aka sake masa robobi da mai kafin a yarda ta taka titi, tayoyi kuwa ba a ma tsaya shawara a kansu ba.

Da aka tashe ta, hayaƙin ya fi na ranar farko. Ƙanena ya dube ni, na dubi dattijon, ya ɗaga mini hannu alamar in saurara. Maganin da ya rage a silinda da man da ya taru a salansa tun tashin farko ne ke ƙonewa. Bayan kamar rabin awa ya fara sirancewa. Ya ce kada in bar ta tana aiki a tsaye, ringi ba ya sakin jiki sai da zafi da nauyi. Na riƙa kai ta Maigatari in dawo, in taka ta ta ja sosai sannan in ɗaga ƙafa in bar giya ya riƙe ta, ba tare da na ƙure ta ba. Bayan kilomita 300 aka zubar da man, ya fito baƙi kamar ya shekara, aka zuba sabo da sabuwar filta.

Awo na biyu: 140, 132, 120, 138. Ta biyu ta dawo cikin 'yan'uwanta. Ta uku ta taso amma ba ta kamo su ba.

Hayaƙin tafiya ya ɗauke, sai dai wani ya saura wanda da can babban ya rufe shi. Da asuba in na tashe ta takan yi tari na shuɗin hayaƙi na 'yan daƙiƙoƙi, haka ma in ta daɗe tana aiki a tsaye sannan na taka. Wannan alamar robar bawul ce. Mai yakan zurara ta jikin sandar bawul ya taru a kan fistin cikin dare, da safe ya ƙone lokaci guda. Nan ma na sake ɗauko maganar kwalba, ta tausasa roba a wannan karon, dattijon ya ce robobin kansu ba su kai kuɗin kwalbar ba. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo saiti. Bai cire tof ba, kuma da dalili: silindar wannan inji hannun riga ce da ake zarewa, ruwa na zagaye ta, in an ɗaga tof aka kuskura injin ya juya ba a danne su ba sai su motsa, hatiminsu na ƙasa ya saki, ruwa ya fara shiga mai. Maimakon haka ya zura igiya mai laushi ta ramin fulogi, ya juyo fistin sama ta danne igiyar a ƙarƙashin bawul don kada ya faɗa ciki, yaronsa ya cire sifirin ya canja robar. Tsofaffin suna fitowa suna farfashewa a hannu kamar ƙanzo. Aikin yini ɗaya ne, tarin asuba ya tafi.

Kwalbar mai kauri ba ta yi asara ba. Na kai wa direban hayar nan, wanda tasa motar ta cinye ringi da gaske saboda lodin kasuwa, yana jiran ya tara kuɗin buɗe inji. A irin nasa halin ta yi daidai, ta rage masa cin mai ta kai shi 'yan watanni, kuma ya san aro ya ci ba gyara ba.

Tamu yanzu ta yi sama da kilomita 2,000. Ina duba sandar awo duk ranar Alhamis kafin in tafi kasuwar Maigatari, kuma abin da take ci bai kai rabin lita ba tsakanin canjin mai da canjin mai. Silinda ta uku na nan a 120, wataƙila tsatsa ta ɗan taɓa bangonta a inda bawul ya zauna a buɗe duk shekarun nan, wataƙila kuma tashin farko da muka yi a bushe ne ya karce ta. Mun yi da dattijon za a sake awo bayan babbar salla. In ta sauka ƙasa da 110, zan sayo hannun riga da fistin da ringi saiti guda a Ƙofar Ruwa a buɗe injin a yi shi sau ɗaya. Tafiyar farko mai nisa da ta yi, Hajiya na kai Haɗejiya gaisuwar 'yar'uwarta. Ta zauna a kujerar baya, gefen da ta saba zama, ta ce in sauke gilashi kaɗan don har yanzu da sauran warin rumfa.